Tabarau Mai Kare Hasken Rana da Batun Rangwame ga Ma'aikatan Lafiya da na Agaji

A ƙasar Amurka an saba da cewa kamfanoni su riƙa sassauta farashin kayansu ga sojoji da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan jinya, kuma masu ƙera tabarau mai duhu na cikin waɗanda suka yi fice a wannan al'ada. Kamfanin Oakley, alal misali, yana da wani tsari na musamman mai suna Oakley Standard Issue, wanda ta hanyarsa yake sayar wa irin waɗannan jami'ai kayansa a kan rangwame, bayan an tantance cewa mutum yana kan aikin da ya ce yana yi. Ana yawan yin tantancewar ta wasu kafofi irin su ID.me, waɗanda aka gina su a kan takardun shaida na Amurka, saboda haka ma'aikaciyar riga-kafi da ke Ajingi ko malamin asibiti da ke Gaya a jihar Kano ba sa cikin waɗanda aka yi tsarin domin su.

Wannan ne ya sa ya kamata a yi taka-tsantsan da duk saƙon da ya iso waya ta WhatsApp ko Facebook yana shelar cewa an ware wa ma'aikatan lafiya tabaran Ray-Ban ko Oakley a kan kuɗi kaɗan. Shafukan bogi masu tallan Ray-Ban sun daɗe suna yawo a intanet, kuma a irin wannan damfara za a iya neman mutum ya tura hoton katin shaidar aikinsa da lambar NIN ko BVN da sunan tantancewa, sannan ya biya wani abu na kawo kaya. Wanda ya yi haka ya ba da abin da za a iya buɗe asusu ko karɓar bashi da sunansa, alhali babu mai sayar da tabarau na gaskiya da ke da wata buƙata da lambar BVN ta mai saye, balle lambar sirri ta katin banki.

Sai dai buƙatar kare idon ta gaskiya ce. Ajingi da Gaya suna kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, yankin da rana ke da ƙarfi kusan duk shekara, ga ƙurar hunturu da ke busar da ido, ga zafin bazara. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, kuma daɗewa a cikinsa yana da hannu wajen kawo yanar ido da kuma tsiron tsoka a kan farin ido, wadda kan yaɗu har ta hau baƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har kashi 10 cikin 100 na makantar da yanar ido ke jawowa na iya zama daga wannan haske, sannan binciken makanta da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa yanar ido ce babbar sanadin makanta ga masu shekara 40 zuwa sama. Masu bin gida-gida da maganin shan-inna, da direbobin motar ɗaukar marasa lafiya, da jami'an kiyaye haɗurra da na hukumar KAROTA ta Kano da ke wuni a bakin titi, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, kamar yadda ya shafi manomi da makiyayi waɗanda ba wanda ya taɓa yi musu tayin rangwame.

Abin da ke kare ido shi ne sinadarin da ke cikin gilashin, wanda ke tare wancan haske, ba sunan kamfani ko tsada ko duhun gilashin ba. Alamar UV400 tana nufin gilashin yana tare hasken har zuwa tsawon zango na nanomita 400, kuma akwai tabarau mai araha da ya cika wannan sharaɗi. Haɗarin yana ga gilashi mai duhu wanda ba shi da kariya, domin duhun yakan sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, sai hasken mai cutarwa ya shiga fiye da yadda zai shiga idan babu tabaran. Tun da liƙa takardar UV400 a jikin jabu ba abu ne mai wuya ba, abin da ya fi shi ne a saya daga wurin ƙwararren mai auna ido da ke da rajista, kuma wasunsu suna da na'urar gwada gilashi. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makka da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda za a iya neman shawara.

Direbobi kuma suna da ƙarin abin lura. An kasa duhun tabarau zuwa matakai daga 0 zuwa 4, kuma mataki na 4 bai dace da tuƙi ba ko da rana tsaka, haka nan kowane tabarau mai duhu haɗari ne bayan magariba. Tabarau mai duhu kuma ba ya maye gurbin gilashin kariya da ma'aikacin asibiti ke sakawa domin kare ido daga fantsamar jini, domin ba a ƙera shi ya rufe gefen ido ba. Wanda bai sami ingantaccen tabarau ba tukuna, malafa mai faɗin baki tana rage hasken da ke isa ido ƙwarai, kuma ana samunta a kasuwannin yankin a kan kuɗi kaɗan.