Arlit: Garin da gida mai araha ya zo da guba a jikin bango

A yawancin garuruwa, mai neman gida kuɗin haya yake fara tambaya. A Arlit da Akokan, da ke arewacin jihar Agadez a Jamhuriyar Nijar, akwai wata tambayar da ta riga wannan: da wace ƙasa aka gina ɗakin?

An kafa Arlit a 1969 saboda ma'adinin yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, COMINAK kuma ya biyo baya a Akokan a 1978. Kamfanonin sun gina wa ma'aikatansu unguwanni masu ruwan famfo da lantarki da asibiti, har ake yi wa garin laƙabi da ƙaramar Paris. Amma dubban mutanen da suka biyo ƙamshin arziki, 'yan ƙwadago da 'yan tireda da makiyayan da fari ya raba da dabbobinsu, ba su cikin wannan lissafi. Su suka kafa unguwanni irin su Boukoki, sunan da duk Bahaushe zai ji bukkoki a cikinsa. Abin da hannu ya kai gare shi da shi suka yi gini: laka, duwatsun da aka fito da su daga ramin haƙa, da tsofaffin ƙarafan da aka yar.

Wanda ya fara ɗaga murya shi ne Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAÏR, wanda ya kafa ƙungiyar Aghir in'Man, wato garkuwar rai a harshen Tamashek. A ƙarshen 2003 ƙungiyar ta karɓi masana daga CRIIRAD, wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, suka tarar ana sayar da ƙarafa masu tururin guba a kasuwa. A 2007 an gano gurɓatattun duwatsu a titin da ke gaban asibitin COMINAK. Da Greenpeace ta zo a Nuwamban 2009, ta auna wani wuri a titin Akokan inda tururin ya ninka na yau da kullum kusan sau 500.

Wannan matsin lamba ne ya sa kamfanin Areva, wanda yanzu ake kira Orano, ya shiga bin tituna da gidaje da na'urar awo tare da hukumomi da ƙungiyoyin farar hula, ana kwashe abin da ya gurɓata. Wannan ci gaba ne, sai dai shara ce, ba tsarin gina gidajen talakawa ba.

A ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Shirin rufewar ya tanadi miƙa wa gwamnati gidajen ma'aikata da asibiti da layukan ruwa da wuta. Abin da ba ya miƙuwa cikin sauƙi shi ne tulin dattin ma'adini, kimanin tan miliyan 20, da ke jibge kusa da garin. A watan Yunin 2025 gwamnatin soja ta mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa, don haka yanzu ƙorafin mazauna Yamai zai nufa, ba Paris kaɗai ba.

Abin takaicin shi ne, dabarar gini mai sauƙin kuɗi tana nan a maƙwabta. A Iférouane, cikin duwatsun Aïr da ke gabashin Arlit, tun shekarun 1980 aka koya wa magina abin da ake kira gini ba da itace ba, a ƙarƙashin shirin kare dajin Aïr da Ténéré. Ƙungiyar Development Workshop ce ta kawo dabarar Nijar, ta fara gwada ta a Chikal da ke yankin Filingué, bayan ta aro ta daga maginan Nubiya na ƙasar Masar. Da tubalin laka ake rufe ɗakin, a lanƙwasa shi kamar baka ko kubba. Babu azara, babu kwano. A garin da ake yo odar siminti da katako daga nesa ta kan lalatacciyar hanyar Tahoua, wannan ragi ne babba, kuma duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano a watan Mayu ya san bambancin sanyin ɗakin laka. Shirin ya ci kyautar World Habitat ta duniya a 1998.

Yana da nasa sharuɗɗan: sai ƙwararren magini, sai kuma yaɓe a kai a kai. A Arlit akwai ƙari guda, dole a auna ƙasar kafin a buga tubali ko ɗaya.

Nan ne maganar ta shafi 'yan ci-rani. Matashin da ke Tamanrasset ko Kano yana turo kuɗi a ɗaga wa mahaifiyarsa ɗaki a Boukoki, yakan tambayi farashin tubali da ladan magini. Ya ƙara da tambayar ramin da aka ɗebo lakar, da kuma inda ƙarfen ƙofar ya fito.