Arthur Ashe, Baƙar Fatar da Ya Ci Wimbledon da Hilimi

Wasan tanis, wanda mutum biyu ke tsayawa da raga a tsakaninsu suna mayar wa juna 'yar ƙwallo da abin bugu mai saƙar zare, ya daɗe a hannun attajiran Turawa da 'ya'yansu, har ya zamana a kudancin Amurka, zamanin da doka ta raba baƙi da fari a makaranta da mota da wurin shan iska, ba a yarda yaro baƙar fata ya taka filin da farare ke wasa ba, balle ya kara da su. Cikin wannan hali aka haifi Arthur Ashe a birnin Richmond na jihar Virginia, ranar 10 ga Yuli, 1943. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6, mahaifinsa kuwa shi ke tsaron wani dandali da aka keɓe wa baƙaƙe mai suna Brook Field, kuma da yake gidansu na cikin dandalin, sai Allah ya ƙaddara filin tanis ya kasance a bakin ƙofarsa.

Wanda ya fi kowa tasiri cikin tarbiyyarsa shi ne Dokta Robert Walter Johnson, wani likita na garin Lynchburg, wanda kan tara yara baƙaƙe a gidansa lokacin hutu ya koya musu wasan, kuma ta hannunsa Althea Gibson ta biyo kafin ta ci gasar Wimbledon a 1957. Likitan nan ya gindaya wa almajiransa sharuɗɗa masu nauyi: kada su yi jayayya da alƙalin wasa, kada su nuna fushi, in kuwa ƙwallon abokin karawa ta faɗi dab da layi har aka shiga shubuha, to, su bar masa cin. Dalilinsa shi ne masu shirya gasa suna jiran hujja ko da ƙanƙanuwa ce su kori yaran. Lalle zalunci ne a ɗora wa yaro irin wannan haƙuri alhali ba a nemi kwatankwacinsa daga tsararsa farare ba, amma fa a ganina daga nan Ashe ya samo natsuwar da ta zame masa makami har ƙarshen rayuwarsa.

A 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka sa cikin tawagar Amurka ta gasar kofin Davis. A 1968, yana laftanan a rundunar soja, ya ci gasar US Open ta farko, inda ya kayar da Tom Okker ɗan ƙasar Holan, sai dai da yake a lokacin yana cikin rukunin masu wasa don sha'awa, waɗanda ƙa'ida ta haramta wa karɓar lada, dala 14,000 ta wanda ya yi nasara Okker aka miƙa wa. Daga baya ya ci gasar Ostareliya a 1970, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasa ta ATP a 1972.

Zuciyarsa ba ta rabu da Afirka ba. A 1971, a birnin Yawunde na Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana bugu, ya yi masa hanya aka kai shi Faransa karatun wasan. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu kuwa ta yi ta hana Ashe biza, shi ma bai daina nema ba, har ta sakar masa a 1973.

Ranar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce 5 ga Yuli, 1975, wato ranar wasan ƙarshe na Wimbledon. Ashe yana da shekara 31, ƙarfi ya fara ja baya, abokin karawarsa kuwa Jimmy Connors ne, matashi ɗan shekara 22, bahago, mai riƙe da kambin, wanda tun farkon gasar ba wanda ya ci shi ko zubi ɗaya, ga shi kuma ya maka Ashe a kotu bisa zargin ɓata suna. Galibin masana sun sallama cewa Connors zai ci. Ashe ya lura cewa ƙarfin Connors daga ƙarfin bugun abokin gabansa yake fitowa, domin gwargwadon zafin da ƙwallo ta zo masa gwargwadon zafin da take komawa. Saboda haka, shi da aka sani da bugu mai tsanani, sai ya saki al'adarsa ta shekara da shekaru a rana guda, ya riƙa turo ƙwallo a sanyaye, ƙasa-ƙasa, tana zamewa bisa ciyawa, wani lokaci ya janyo Connors gefen fili, in ya matso kusa da raga kuma ya cilla masa ita ta bisa kai. Lokacin hutun sauya gefe, jama'a suka riƙa ganinsa zaune, ido a rufe, bai ko motsi. Ana cin wasan maza ne da zubi 3 cikin 5, Ashe kuwa ya ɗauki na farko da na biyu da 6-1, 6-1, ya faɗi na uku da 5-7, ya rufe da 6-4. Samun gwani wanda zai yarda ya ajiye abin da ya fi iyawa domin hankali ya nuna masa maslaha a wani wuri, abu ne mai wuya ƙwarai, ko a fagen wasa ko a waninsa.

Ƙasarmu Najeriya ma ta shiga tarihinsa, ko da yake ta hanya mai ban takaici. Yana Legas wajen wata gasa aka kashe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu, 1976, kuma kwana 3 bayan haka, yana tsakiyar wasa da Jeff Borowiak, sojoji suka shigo fili suka fitar da shi da bakin bindiga a bayansa.

Sa'an nan jarrabawa ta biyo. Ciwon zuciya ya buge shi a 1979, ya bar wasa a 1980, kuma wajen tiyatar zuciya ta biyu a 1983 aka ƙara masa jini mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, abin da bai sani ba sai 1988. Ya ɓoye al'amarin, wanda haƙƙinsa ne, har wata jarida ta ji labari, ya zama tilas ya bayyana wa duniya a watan Afrilun 1992. Rashin lafiya bai hana shi aiki ba: ya wallafa tarihin 'yan wasa baƙaƙen Amurka cikin juzu'i 3, an kama shi a 1985 a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu da ke Washinton, an sake kama shi a 1992 yana neman adalci ga 'yan gudun hijirar Haiti, watanni kaɗan kafin ajalinsa ya cika ranar 6 ga Fabrairu, 1993, yana da shekara 49. Babban filin da ake buga US Open a birnin New York sunansa yake ɗauke da shi tun 1997, kuma har yau ba a sake samun namiji baƙar fata da ya ci Wimbledon a wasan mutum ɗaya ba.