Gwanjon intanet: Yadda zafin gasa ke cinye ribar mai saye

Tun daga watan Yulin 2017, lokacin da Hukumar Kwastam ta Nijeriya ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya ta mayar da gwanjon kayan da ta kama zuwa intanet, ma'aikacin gwamnati mai neman mota a farashi mai rangwame ya samu wata ƙofa da aka daɗe ana ƙorafin cewa sai mai uwa a gindin murhu ke shigar ta. Hukumar ta sake buɗe shafin bayan sabunta shi a Janairun 2024 ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi. A Janairun 2025 kuma Hukumar EFCC ta yi gwanjon ɗaruruwan motocin da kotuna suka mallaka wa gwamnati, ita ma ta intanet, lamarin da ya jawo koke-koke kan cushewar shafuka da kuma tayin da ya wuce hankali.

Ga ma'aikacin da ya shekara yana tara kuɗi a adashe, ko ya ciwo bashi daga ƙungiyar gama-kai ta ofishinsu, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce nawa zai taya, kuma a ina zai tsaya. Masana tattalin arziki sun shafe shekaru suna nazarin wannan tambaya, kuma abin da suka gano ya nuna cewa galibin asarar da ake tafkawa a gwanjo tana fitowa ne daga halin mai sayen kansa.

A kasuwar da aka saba, ciniki yana da birki. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a sassauta har a kai ga sallamawa. Mai saye yana ganin kayan da idonsa, yana iya tafiya ya dawo gobe. Gwanjon intanet ya cire wannan birki. Abokan takara ba a ganin fuskarsu, kayan hoto ne kawai a fuskar waya, ga kuma agogo yana ƙirga daƙiƙoƙin da suka rage.

Abu na farko da gogaggun masu taya kaya ke dubawa shi ne ƙa'idar rufe gwanjo, domin ita ke tsara dabara. Kamfanin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, yana rufe gwanjo a kan ƙayyadadden lokaci. Mai saye yakan shigar da iyakar abin da zai iya biya a asirce, sai kwamfuta ta riƙa ƙara tayi a madadinsa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya ɗara shi. Wanda ya yi nasara yakan biya abin da ya ɗan haura tayin wanda ya zo na biyu. Wannan tsari ya yi kama da wanda William Vickrey ya bayyana a 1961, inda ya nuna cewa idan mai nasara zai biya farashin na biyu ne, dabara mafi kyau ita ce kowa ya taya daidai da darajar da kayan ke da ita a wurinsa. Vickrey ya samu lambar yabo ta Nobel a 1996.

Amma jama'a ba su bin wannan lissafi sau da ƙafa. A wani bincike da suka wallafa a 2002, Alvin Roth da Axel Ockenfels sun kwatanta eBay da gwanjon da kamfanin Amazon ke gudanarwa a wancan lokaci, wanda ba ya rufewa sai an yi minti 10 ba tare da sabon tayi ba. Sun gano cewa a eBay mutane da yawa kan yi kwanton ɓauna har zuwa mintoci ko daƙiƙoƙin ƙarshe kafin su jefa tayinsu, alhali a Amazon hakan bai yi yawa ba. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya taya da wuri yana tsokano masu ƙara kaɗan-kaɗan, farashi ya yi ta hawa. Kuma idan shi masanin kayan ne, tayinsa kan zama ishara ga wasu cewa akwai alheri a wurin. Jira zuwa ƙarshe yana toshe waɗannan kafofi biyu. Idan kuwa kowane sabon tayi yana tsawaita lokaci, kwanton ɓaunar ba shi da wani amfani.

A Nijeriya wannan dabara tana da nata haɗarin. Wanda ya bar tayinsa sai daƙiƙa goma na ƙarshe ya jingina makomarsa ne ga ƙarfin layin sadarwa da kuma juriyar shafin da dubban mutane suka yi wa ca a lokaci guda.

Haɗari na biyu shi ne abin da masana ke kira tsinuwar mai nasara. Wasu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield ne suka fito da wannan batu a 1971, bayan sun lura cewa kamfanonin da ke cin gwanjon rijiyoyin mai a Tekun Meziko ba su samun ribar da suka zata. Bayanin yana da sauƙi. Idan mutum ɗari suka yi hasashen darajar abin da babu wanda ya san haƙiƙaninsa, wasu za su gaza, wasu za su zarce. Wanda ya fi kowa zarcewa shi ne zai yi nasara. Motar da ta shekara biyu a ajiye a rana da ruwa, ba wanda ya tayar da injinta, irin wannan kaya ce. Yawan masu takara kuma yana ƙara yiwuwar cewa mai nasara shi ne wanda ya fi kowa kuskuren hasashe. Robert Wilson da Paul Milgrom, waɗanda suka zurfafa nazarin wannan matsala, sun samu Nobel a 2020.

Na uku shi ne zazzaɓin gasa. Young Han Lee da Ulrike Malmendier sun bibiyi gwanjon wani kayan wasa a eBay, wanda a daidai lokacin ake sayar da irinsa sabo a ƙayyadadden farashi a shafin. A sakamakon da suka wallafa a 2011, kashi 42 cikin ɗari na gwanje-gwanjen sun ƙare a farashin da ya haura wancan ƙayyadadden farashi. Mutane ƙalilan da suka zarme sun isa su ɗaga farashin kowa. Wanda ya yi awanni yana kan gaba yakan fara jin kamar kayan sun zama nasa, don haka idan aka ɗara shi sai ya ji tamkar an yi masa ƙwace, ya ƙara tayi don kare abin da bai taɓa mallaka ba. Masu kaya marasa gaskiya sun san wannan rauni, shi ya sa wasu ke sa 'yan korensu su riƙa tayin bogi don ingiza farashi, abin da eBay ya haramta.

Manyan kamfanoni ma sun fuskanci wannan jarrabawa a Abuja. A gwanjon lasisin wayar salula na Janairun 2001, MTN da Econet da CIL sun yi nasara a kan dala miliyan 285 kowannensu, amma CIL ya rasa lasisin bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ce bai cika sharaɗin biya cikin wa'adi ba. A ranar 13 ga Disamban 2021 kuma, an fara gwanjon lasisin 5G daga dala miliyan 197.4. Bayan zagaye 11, Airtel ya janye, MTN da Mafab suka ɗauka a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Da aka sake fitar da wani lasisin a shekarar da ta biyo baya, Airtel ne kaɗai ya cika sharuɗɗan shiga gwanjon, ya kuma samu a kan wancan farashi ba tare da ja-in-ja da kowa ba.

Darasin da ƙaramin mai saye zai ɗauka shi ne ya yanke iyakarsa kafin a buɗe gwanjo, lokacin da zuciya take a kwance. Ana fara lissafin ne daga farashin kasuwa, a riƙa ragewa. A ɗauka cewa irin motar tana kai naira miliyan 8 a wurin dillalai. Idan makaniki ya ƙiyasta gyara a kan miliyan 1.2, jigila daga wani gari zuwa Abuja dubu 300, rajista da takardu dubu 200, sannan aka ware miliyan 1 saboda lahanin da ido bai gani ba, abin da ya rage shi ne miliyan 5.3. Daga cikinsa ne kuma za a cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da la'adar mai gwanjo, idan sharuɗɗan sun tanade su. Tayin da ya wuce abin da ya saura ya kusantar da mai saye ga farashin dillali, wanda a wurinsa aƙalla ana iya tuƙa motar kafin a biya.

Gani ya kori ji, don haka inda aka ba da damar duba kaya, zuwa da makaniki ya fi dogaro da hoto. Karanta sharuɗɗa ma wajibi ne, musamman wa'adin biya, wa'adin kwashe kaya, da hukuncin wanda ya ci gwanjo ya kasa biya. Gwanjon Kwastam yana buƙatar lambar shaidar biyan haraji ta TIN, kuma hukumar ta sha gargaɗin jama'a game da 'yan damfara da ke buɗe shafukan bogi a Facebook da WhatsApp da sunan jami'anta, suna neman a tura kuɗi zuwa asusun wani mutum.

Kayan gwanjo ba su ƙarewa, domin kame da ƙwace ba su tsaya ba. Ma'aikacin da ya rubuta iyakarsa a takarda, ya ajiye wayarsa da zarar farashi ya haura ta, zai tarar da kuɗinsa cif a ranar da aka buɗe zagaye na gaba.