Unguwar Prawirotaman a Birnin Yogyakarta: Gida, Fili da Baƙi

Yogyakarta, wanda mutanensa ke taƙaita sunansa su ce Jogja, birni ne na sarauta a kudancin tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya. An kafa masarautarsa a shekarar 1755, kuma har yanzu Sarkin Yogyakarta shi ne gwamnan yankin, bisa dokar da majalisar ƙasar ta zartar a 2012. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba unguwa ɗaya tak daga cikin unguwannin birnin, watau Prawirotaman, wadda ke kudu maso gabas da fada, domin a ga yadda zuwan baƙi masu yawon buɗe ido ya taɓa zaman mutanenta da kuma mallakar gidajensu.

Sunan unguwar kansa tarihi ne. Sarakunan Yogyakarta suna da rundunonin dakaru, kowace da sunanta da tutarta, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce Prawirotomo. Bayan da sojojin Ingila suka fasa fadar a 1812, sai aka karya ƙarfin dakarun, daga bisani aka fitar da matsugunansu bayan ganuwa, kowace runduna aka yanka mata wurin zama. Shi ya sa unguwanni irin su Wirobrajan da Bugisan da Jogokaryan duk suke ɗauke da sunayen rundunoni. Ke nan filin Prawirotaman tun asali ba saye aka yi ba, ladan hidimar fada ne, 'ya'ya suka gada daga iyaye.

Da aikin yaƙi ya ƙare, sai zuriyar dakarun suka koma sana'ar batik. Batik dai shi ne a zana ado a kan farin yadi da narkakken kaki, a tsoma a rini, sa'an nan a dafa yadin kakin ya narke, inda ya rufe ya fito da launi dabam. Akan yi zanen da hannu, wanda kan ci watanni, ko kuwa a dangwala shi da hatimin jan ƙarfe, wanda ya fi sauri. Mai karatu ba baƙon wannan ado ba ne ko da bai san sunansa ba, domin atamfar Holan da matanmu ke ɗaurawa ta samo asali ne daga ƙoƙarin da masana'antun Holan suka yi a ƙarni na 19 na kwaikwayon batik ɗin Jawa da inji. Mutanen Jawa suka raina kwaikwayon, sai ya sami kasuwa a Afirka ta Yamma.

Sana'ar batik tana bukatar wuri: ɗakin dangwale, da kwatamin rini, da rijiya, da fili na shanya, da kuma makwancin ma'aikata. Saboda haka attajiran Prawirotaman suka gina gidaje masu faɗi da ɗakuna barkatai. A shekarun 1950 gwamnati ta fifita ƙungiyoyin gama-kai na masu batik wajen samun farin yadi da rahusa, sana'a ta bunƙasa ƙwarai. Amma gwamnatin Suharto, wadda ta karɓi ragama bayan 1966, ta janye wannan gata, ta kuma buɗe ƙofa ga jarin waje. Masaƙun zamani suka cika kasuwa da yadi mai kama da batik a kan kuɗi kaɗan, marinar gida ta kasa gasa da su. Kafin ƙarshen shekarun 1970 yawancin marinun unguwar sun rufe.

A nan ne abin lura yake. Masu gidajen ba su sayar ba, sana'a kawai suka sauya. A daidai lokacin matasan Turai da Ostareliya masu yawo da jaka a baya sun fara kwararowa Jogja, domin ganin fada, da wurin ibadar Hindu na Prambanan, da na Buda a Borobudur, wanda aka sake buɗewa a 1983 bayan babban gyara. Baƙin nan ba su da kuɗin manyan otel-otel. Sai ɗakunan ma'aikata suka zama ɗakunan haya, filin shanya ya zama lambu ko wurin ninkaya, mai gida ya zama tamkar fatoma, yana saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya kuma haɗa shi da mai keke mai ƙafa uku da zai kai shi Malioboro, babban titin kasuwar birnin. Riba ba ta kai ta batik ba, amma mai gida na nan a gidansa, maƙwabcinsa ya san shi.

Wannan sanayya ba ƙaramin abu ba ce a Jawa. Kowace unguwa an kasa ta ƙananan rukunoni na gidaje, kowane rukuni da shugaban da mazauna suka zaɓa, tsarin da ya samo tushe daga mulkin Japan na 1942 zuwa 1945. Ta nan ake tsara sintirin dare bi da bi, da aikin gayya da suke kira gotong royong, da arisan, wanda adashi ne sak. In an yi rasuwa, maƙwabta ne ke kafa rumfa su tare hanya. Duk waɗannan suna tsayuwa ne a kan mutanen da ke kwana a unguwar shekara da shekaru. Baƙon kwana uku ba ya sintiri, manajan otel da ke zuwa da safe daga wata unguwa kuwa ba ya zubin adashi.

Dogaro da baƙi yana da nasa hatsari. Harin bam na Bali a 2002 ya kori Turawa. Girgizar ƙasa ta ranar 27 ga Mayu 2006, wadda ta hallaka mutum fiye da 5,700, ta fi ɓarna a kudancin birnin, ɓangaren da unguwar take. Dutsen Merapi ya yi aman wuta a 2010, annobar korona kuma ta rufe ko'ina a 2020. Mai ƙaramin masauki ba shi da ajiyar da zai jure wata shida ba baƙo, mai babban jari kuwa yana da ita, kuma a irin wannan lokaci ne yakan zo da tayi.

Ga kuma batun gado. Gidan da attajiri ɗaya ya gina, yau jikoki da dama ke da haƙƙi a kai, wasu suna Jakarta, wasu suna bukatar kuɗin makarantar yara. Gida ba ya rabuwa kamar kuɗi, saboda haka mafita mafi sauƙi ita ce a sayar ko a ba da haya ta shekaru masu yawa. Dokar filaye ta 1960 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba cikakkiyar mallakar fili, don haka Bature iyakarsa haya. Masu saye na haƙiƙa attajiran Indonesiya ne da kamfanoninsu. Ɗan unguwa ba ya iya gogayya da su, domin mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a yankin Yogyakarta yana cikin na ƙasa-ƙasa a duk faɗin ƙasar. Bugu da ƙari, harajin fili yana bin darajar filin, har wanda bai da niyyar sayarwa ma sai ya ji a jikinsa.

Wannan matsala ba ta Prawirotaman kaɗai ba ce. A 2013 aka fara ganin rubutun Jogja ora didol a bangaye, ma'ana Jogja ba ta sayarwa ba ce. A 2014 mazauna unguwar Miliran, a gabashin birnin, suka yi kukan cewa rijiyoyinsu sun ƙafe bayan an gina otel kusa da su, har wani ya yi wanka da ƙasa a bainar jama'a don nuna fushinsa. Hukumar birni ta dakatar da ba da sabon izinin gina otel daga farkon 2014, sai dai waɗanda suka riga suka shigar da takardunsu kafin ranar sun ci gaba da gini, abin da ya rage wa dokar kaifi.

Ta fuskar tarbiyya ma akwai saɓani. Mafi yawan mazauna Musulmi ne, alhali kuwa babban titin unguwar ya cika da gidajen abinci da na shaye-shaye masu kiɗa har tsakar dare. A watan Oktoba na 2024 wasu mutane suka far wa ɗaliban wata makarantar addini biyu a yankin, suka daɓa wa ɗaya wuƙa. Dubban ɗalibai suka yi gangami suna neman a taƙaita sayar da giya, gwamna ya fitar da umarnin tsaurara dokar cikin 'yan kwanaki.

A 2023 hukumar UNESCO ta sa tsarin tsakiyar birnin, wanda ya ratsa ta fada daga arewa zuwa kudu, cikin jerin kayan tarihin duniya. Prawirotaman na kusa da ƙarshen kudu na wannan layi, kuma irin wannan shaida takan ƙara baƙi, ta ƙara wa fili tsada. A lungunan da ke bayan babban titi, inda mota ba ta shiga, har yanzu akwai iyalan da ke zaune a gidajen kakanninsu, suna ba da hayar ɗaki biyu ko uku na gaba, su kuma suna kwana a na baya.