Yadda Maƙogwaro Ke Hana Abinci Shiga Hanyar Numfashi

A cikin wuyan kowane ɗan Adam akwai hanyoyi biyu da ke jere da juna. Ta gaba ita ce hanyar iska, mai zuwa huhu. Ta baya ita ce hanyar abinci, mai zuwa ciki. Bakinsu ɗaya ne daga sama, amma duk da haka loma ba ta ɓacewa.

Dalili kuwa shi ne, da zarar harshe ya tura loma baya, sai ganɗa da belu su ɗaga su toshe hanyar hanci. Maƙogwaro ya yi sama, igiyoyin murya su haɗe, wani ɗan marfi mai kamar ganye ya kife a bakin hanyar iska. Numfashi yakan tsaya na kamar daƙiƙa ɗaya har lomar ta wuce. Ɗora yatsa a wuyanki ki haɗiyi yawu, za ki ji motsin. Idan wani abu ya kuskure, sai tari ya taso ya fitar da shi. Wannan shi ne ƙwarewa.

Mai juna biyu tana da nata sha'anin. Sinadaran ciki suna sassauta bakin tumbi, mahaifa kuma tana danno shi sama, shi ya sa ƙwannafi ke damunta. Idan aka sa ta barci don tiyata, tarin da ke kare ta ba ya aiki, abin da ke cikinta na iya dawowa ya shiga huhu. Wani likita a Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan haɗari ga masu haihuwa a 1946. Saboda haka ne ake hana cin abinci na awa 6 zuwa 8 kafin tiyata. Idan kin ci wani abu, ki faɗa wa likita gaskiya. Haka nan idan mai ciki ta kama jijjiga, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko magani. A kwantar da ita ta gefen hagu, a garzaya asibiti.

Jariri kuwa sai wajen mako na 34 a ciki yake iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi. Shi ya sa akan ba bakwaini nonon uwa ta siririn bututu ko ɗan kofi.

Iyaye da kakanni, a kula:
A ba jariri nono zalla har wata 6.
A daina ɗura. Toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu yana kuka na iya kai kunun huhu, ya haifar da ciwon huhu ko ajali.
Kada a kai jariri cire belu. Belu na da aikinsa, yankan kuma na jawo zubar jini da ciwon tetanus.
Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa ko alawa mai tauri.

Idan abu ya shaƙe jaririn da bai shekara ba, ya kasa kuka, ki kifa shi a kan hannunki, kai ƙasa, ki bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5. Idan bai fito ba, ki juya shi ki danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5. A ci gaba da haka ana hanyar asibiti.

Ranar awo, ki roƙi ungozoma ta gwada miki. Allah ya sauke ku lafiya.