Talaucin Faransis da Talaucin Dominik

A farkon ƙarni na 13, mutum biyu a Turai suka kafa ƙungiyoyin masu gudun duniya a ɗarikar Katolika. Magabatansu sun saba killace kansu a gidajen ibada masu gonaki, su kuwa sai suka shiga birane suna wa'azi, abincinsu daga bara. Talauci ya haɗa su, amma dalilin kowa daban.

Faransis ɗan attajiri ne mai fataucin yadi a Asisi ta Italiya. Da rigima ta haɗa shi da mahaifinsa kan dukiya, sai ya tuɓe tufafinsa a gaban bishop ya mayar wa mahaifin. Shi talaucin kansa yake so, domin yana ganin haka Almasihu ya rayu. Ko kuɗi ya hana almajiransa taɓawa. A 1209 Fafaroma Innosent na Uku ya amince masa da baki, amincewa da ƙa'idarsa a rubuce kuwa sai 1223.

Dominik, malamin coci daga Sifaniya, lissafi ya yi. A kudancin Faransa ya tarar jama'a na bin 'yan Katar, waɗanda coci ke ɗauka 'yan bidi'a, saboda malamansu na yawo a ƙasa ba su mallaki komai ba, alhali wakilan Fafaroma na zuwa bisa dawakai da rakiya. Wa zai saurare su? Sai ya ajiye ƙawa don wa'azinsa ya samu shiga. Da ya sami izini a 1216, bai jima ba ya tura mutanensa Paris da Bolonya, biranen jami'a, su yi karatu. Daga wannan ƙungiya babban malami Tomas Akwinas ya fito.

Faransis ya fi kama zuciyata. Shi ne ya ƙetare fagen yaƙi a 1219 ya gana da Sarki al-Kamil a Damiyat ta Masar, ba makami a hannunsa. Sai dai a wajen gina ƙungiya, Dominik ya fi shi hangen nesa, domin ya bar tsarin zaɓen shugabanni da taron da ke gyara dokoki. Faransis kuwa ya bar wa dubban mabiya tambaya mai wuya: yaya za a ciyar da su, a karantar da su, ba tare da mallakar komai ba? Gardamar ta raba kansu har aka ƙona huɗu daga masu tsananin ra'ayi a Marsel a 1318.