Injin kafinta: a shago za a saya ko ta oda?

Kafintan da ya tara kuɗin injinsa na farko a Kano, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya shiga Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ya taya, ko ya buɗe waya ya duba Jumia, Konga ko AliExpress, ya biya, ya zauna jiran mai kawowa. Yaran da ke koyon aiki a wurina duk ta biyun suke so, don farashin waya yakan fi sauƙi. Ni kuwa abu ɗaya nake nanata musu: duk injin da ke jan wuta yana juyawa, ku saye shi inda za ku riƙe shi a hannu.

Sayayya daga nesa ta daɗe. Tun 1872 Montgomery Ward ya fara aika wa manoman Amurka jerin kayansa daga Chicago, su zaɓa, su yi oda ta gidan waya. Su nisa ne ya tilasta musu. Mu shagon yana bayan gida.

Matsala ta farko wuta ce. Gidajen Amurka bolt 120 suke sha, namu kuwa 230. Injin da aka ƙera don can, in ka jona shi a soket ɗinmu ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, koyil ɗinsa ya ƙone ke nan. Ko a cikin kayan Beljiyam akan ci karo da masu filogi rawaya, waɗanda aka yi wa ma'aikatan gini a Ingila. Su kuma bolt 110 ne. Mai shagon da ya san sana'arsa zai gaya maka tun kafin ka zaro kuɗi. A waya sai ka tona ƙananan rubutu kafin ka gani.

Sai awo, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Rawuta, injin da muke fitar da ado a gefen katako da shi, wata bakinta na riƙe haƙori mai kaurin kwatan inci, wato milimita 6.35, wata kuma milimita 6 cif. Ido ba ya raba su. Amma in ka sa siririn a baki mai faɗi ba zai kamu da kyau ba, ga shi abin yana juyi sama da dubu 20 a minti, kusa da yatsun yaro. Faifan zarto ma haka: ramin tsakiyarsa wani milimita 16 ne, wani 20, wani 30. A kasuwa sai ka tafi da injinka ka gwada a gaban mai kaya.

Masu batir ma akwai abin lura. Batirin Makita ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga DeWalt. Sau da yawa arhar da ka gani ta gangar jikin injin ce kawai, ba batir ba caja. Wanda kuma aka rubuta wa 20V Max, a wurin aiki 18 ne.

Jabu kam akwai shi a shago. Sai dai a can kana iya cewa, “Alhaji, don Allah a jona min in ji kukansa.” Ka ji nauyinsa, ka leƙa ko tartsatsi ya yi yawa, ka tambaya ko na asali ne ko mai bi masa. In ya mutu cikin mako ka san ƙofar da za ka koma.

Abin da ya fi duk wannan shi ne gyara. Maɗaci da loko suna wahalar da inji, garin katako da ƙurar hunturu suna cin boris, kabon kuwa dole ya ƙare. Shi ya sa nake fifita Ingco ko Total, 'yan Chaina da nake samun kayan gyaransu a kasuwa, a kan wani babban suna da zan jira amecarsa daga ƙetare, alhali ga gadon amarya an sa ranar kai shi. Kafintan da injinsa ke kwance, alƙawarinsa ne ke lalacewa, mutane kuma ba sa mantawa.

Oda tana da ranarta. Ƙananan abubuwan da ba sa jan wuta kuma ba a cika samunsu a nan ba, irin ma'aunin kauri, matsin katako da haƙoran rawuta masu siffa ta daban, ina yin odarsu, bayan na tabbatar da awo, na haɗa kuɗin kawowa, na duba kwanakin da aka bayar na mayar da kaya. Babban inji kuwa a shago, da rasit mai ɗauke da lambarsa, kuma a ranar nake sayen kabon na ajiya.